Yadda Ake Sa Bayani Ya Ɓullo Idan An Ɗora Kibiyar Linzami a Darasin Kwamfuta

A darasin kwamfuta da aka tsara shi shafi-shafi, ana iya sa abu ya canza launi, ko ɗan bayani ya ɓullo, da zarar ɗalibi ya kai kibiyar linzami (wato mouse) kansa, tun bai danna komai ba. Idan kibiyar ta gusa, komai ya koma yadda yake. Amfanin wannan dabara biyu ne: tana nuna wa ɗalibi cewa abin nan ana iya danna shi, kuma tana rage cunkoson rubutu a shafi. Amma tana da iyaka, kuma ya kamata a san iyakar tun kafin a fara aiki. Waya ba ta da linzami. Mai amfani da allon madannai kaɗai ma ba shi da kibiyar da zai ɗora. Saboda haka duk bayanin da ɗalibi ba zai ci jarrabawa ba sai da shi, kada a ɓoye shi a inda sai kibiya ce kawai za ta fito da shi.

Za mu yi aikin ne a Articulate Storyline 360, manhajar da ke aiki a kan Windows, daga baya kuma mu duba yadda ake kwaikwayonsa a PowerPoint. Misalin da za mu bi shi ne shafi ɗaya na darasin masu koyon haɗa wutar sola, mai hoto da ke nuna sassa huɗu: farantin sola, kwantirola, batir da inbata.

Shirya shafin tukuna

Yawancin matsalolin da ke tasowa daga baya, a nan ake shuka su. Ka shiga Design, ka zaɓi Slide Size, ka sa faɗi 1280 da tsawo 720. Ka bar gefe na fiksel 40 ta hagu, ka ba hoton faɗin fiksel 760, ka bar tazarar fiksel 40, sannan ka ware fiksel 400 ta dama domin akwatin bayani. Ragowar 40 ɗin su ne gefen dama. Wannan fili na dama kada ka sa komai a cikinsa sai jimlar umarni guda, kamar "Ɗora kibiya ko ka danna kowane sashe domin ganin aikinsa." Jimlar nan wajibi ce, domin ɗalibi bai san gaibu ba, ba zai san akwai abin da ke ɓoye ba sai an gaya masa.

Sai ka sauka ƙasa zuwa Timeline, inda aka jera abubuwan da ke kan shafin, ka raɗa wa kowane abu suna. Manhajar kan ba su sunaye irin Rectangle 1, Rectangle 2, kuma idan sun kai goma sha biyar ba za ka ƙara gane wane ne wane ba lokacin rubuta wa manhajar umarni, wato Triggers. Ka sa musu "faranti", "kwantirola", "batir", "inbata".

Idan da Hausa ake rubuta darasin, ka gwada salon rubutun tun yanzu. Ka rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu a akwati ɗaya ka duba. Salon da ba shi da waɗannan haruffa zai aro su daga wani salo, sai ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan uwansa kauri ko tsayi a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna ɗauke da su duka.

Hanya ta farko: yanayin abu

Kowane abu a Storyline yana iya samun yanayi fiye da ɗaya, wato kamanni daban-daban da yake sauyawa a tsakaninsu. Akwai waɗanda manhajar ta zo da su, kamar Normal, Hover, Down, Selected, Visited da Disabled. Wanda ya shafe mu shi ne Hover. Maɓallan da aka ɗauko daga Insert suna zuwa da shi a shirye, sauran abubuwa kuwa sai ka ƙirƙira musu.

Tunda hotonmu guda ɗaya ne mai sassa huɗu, sai mun ɗora wa kowane sashe siffa a kansa. Ga yadda ake yi:

1. Ka shiga Insert, ka zaɓi Shape, ka zana murabba'i daidai girman batir ɗin da ke hoton.
2. Ka cika shi da kowane launi, sannan a Format Shape ka kai Transparency zuwa kashi 99. Ka cire layin gefe.
3. Ka danna shafin States da ke kusa da Timeline, ka danna Edit States, ka danna alamar New State, ka zaɓi Hover daga jerin, ka danna Add.
4. Yanzu kana cikin yanayin Hover. Ka ba siffar layin gefe mai kaurin fiksel 3, launin ruwan lemo, ka rage Transparency zuwa kashi 80 domin ɗan launi ya bayyana a kan batir ɗin.
5. Ba tare da ka fita ba, ka saka ƙaramin akwatin rubutu a saman siffar, ka rubuta "Batir: ajiyar wuta". Ka danna Done Editing States.

Mataki na biyu shi ne inda mutane da yawa ke zamewa. Sukan zaɓi No Fill, suna ganin ai duk ɗaya ne tunda ba a ganin komai. Ba ɗaya ba ne. Siffar da ba a cika ba, cikinta rami ne, kibiya za ta wuce ta tsakiyarta ba ta taɓa komai ba, sai dai idan ta hau kan siririn layin gefe. Wadda aka cika aka dusashe kuwa, ido ba ya ganinta amma linzami yana jin ta.

Kada ka rubuta wani umarni da ke cewa abu ya koma Hover idan kibiya ta hau shi. Yanayin da manhajar ta zo da shi yana aiki da kansa. Idan ka ƙara umarni a kai, abu biyu ne ke jan akalar abu ɗaya, kuma daga nan ne ake samun siffar da ta maƙale a launin lemo bayan kibiya ta daɗe da tafiya.

Idan ka gama na batir, ka kwafe siffar sau uku, ka daidaita girman kowace a kan sashenta, sannan ka shiga yanayin Hover na kowace ka gyara rubutun. Kwafin yana tafiya da yanayinsa. Sai dai ka tabbata ka gama da Normal kafin ka ƙirƙiri Hover, domin duk abin da ka riga ka taɓa a cikin Hover ba zai ƙara bin gyaran da ka yi wa Normal daga baya ba.

Abu biyu ne ke ɓata wannan hanya. Na farko, akwatin rubutun da ka saka cikin yanayi yana zaune ne a matakin uwarsa. Idan siffar inbata tana sama da ta batir a jerin Timeline, kuma akwatin batir ya miƙa har wurinta, to za ta rufe wani ɓangarensa. Maganin shi ne a juya akwatin zuwa inda babu kowa, ko a ja siffar zuwa saman jerin. Na biyu, kada yanayin Hover ya fi Normal ƙanƙanta, kada kuma ya gusa daga wurinsa. Idan abu ya tsuke lokacin da kibiya take bakin gefensa, kibiyar ta fita daga kansa ke nan, sai ya koma girmansa, sai ta sake samun kanta a kansa, sai ya sake tsukewa. Haka zai yi ta rawa. In dai za a canza girma, to a ƙara, kuma kashi 5 ya wadatar.

Abubuwan da aka ɗaure wuri ɗaya da Group ba sa karɓar yanayi. Idan kana da alama da rubutu da siffa da kake son su canza tare, ka yanke alamar da rubutun, ka shiga Edit States na siffar, ka manna su cikin Normal. Sun zama abu guda ke nan.

Hanya ta biyu: leya

Yanayi ya dace da suna ko jimla ɗaya. Idan bayanin ya kai jimla uku, ko yana da ƙarin hoto, to leya ake buƙata, wato shimfiɗar da ke hawa kan ainihin shafin ta kuma sauka.

A kusurwar dama ta ƙasa akwai Slide Layers. Ka danna New Layer, ka sa mata suna "bayanin kwantirola". A cikin filin fiksel 400 ɗin nan da ka ware, ka zana akwati ka rubuta bayanin, misali cewa kwantirola tana zaune tsakanin faranti da batir, tana daidaita wutar da ke shiga, tana hana batir cika fiye da ƙima. Ka riƙe shi kada ya wuce kalma arba'in. Mutumin da ke riƙe da linzami cik domin kada rubutu ya ɓace ba zai karanta dogon sakin layi ba.

Ka koma ainihin shafin, ka zaɓi siffar kwantirola, ka buɗe sabon umarni a ɓangaren Triggers. A gurbin Action ka zaɓi Show Layer, ka nuna leyar da ka yi. A gurbin When ka zaɓi wanda ke maganar linzami ya hau abu, a gurbin Object ka tabbata kwantirola ce. Ƙarƙashin wannan akwai zaɓin da ke ɓoye leyar idan kibiya ta sauka. A tsofaffin fitowar manhajar sunansa Restore on mouse leave, a sababbi an sake masa lafazi amma aikinsa bai canza ba. Idan yana kunne, bayani zai ɓace da tafiyar kibiya. Idan ka kashe shi, bayanin zai zauna har sai wata leyar ta ture shi.

Haka za ka yi wa sauran sassa uku, kowane da leyarsa da umarninsa. A irin shafinmu, kashe wannan zaɓi ya fi. Ɗalibi ya kai kibiya kan kwantirola, bayani ya fito a dama, ya saki linzami ya karanta a natse, ya ma rubuta a littafinsa. Da ya matsa kan batir, bayanin batir ya maye gurbin. Abin da ke sa wannan ya yi aiki shi ne zaɓin Hide other slide layers, wanda ke cikin saitin kowace leya idan ka danna alamar giya da ke ƙasa. Ka tabbata yana kunne a duka huɗun, in ba haka ba bayanai za su taru a kan juna.

A wannan saitin dai, ka duba Prevent the user from clicking on the base layer. Ga leyar da kibiya ke kira, a bar shi a kashe, domin shinge yake gindayawa tsakanin linzami da shafin ƙasa, kuma siffofin da kake son kibiya ta riƙa hawa duk a ƙasan suke. Idan leyar tana da motsi ko murya, ka sa When revisiting ya zama Reset to initial state domin ta fara daga farko duk lokacin da aka dawo. Game da motsi, Fade na daƙiƙa 0.25 ya isa. Wanda ya fi haka tsawo yana sa ɗalibi ya ɗauka abin bai yi aiki ba ya wuce. Murya kuwa gara a bar ta sai an danna. Kibiya na iya ratsa sassa uku a hanyarta ta zuwa maɓallin gaba, kuma ba wanda ke son muryoyi uku su fara su katse a cikin daƙiƙa ɗaya.

Ƙyaftawa, da abin da ke kawo ta

Ƙorafin da aka fi yi shi ne leya tana ƙyaftawa, tana fitowa tana ɓacewa da sauri. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: wani abu ya shiga tsakanin kibiya da siffar da ta kira leyar. Kibiya ta hau kwantirola, leya ta fito, akwatin da ke cikin leyar ya rufe kwantirolar. Manhajar ta ga kibiya ba ta kan kwantirola yanzu, tana kan akwati, sai ta ɓoye leyar. Da leyar ta ɓace, kibiya ta koma kan kwantirola, sai leya ta sake fitowa. Kamar mai tsaye a bakin ƙofar da ke buɗe kanta ne, ƙofar tana buɗewa tana ture shi, yana dawowa tana sake buɗewa.

Ka duba waɗannan wurare bi da bi. Akwatin bayanin na iya taɓa siffar ko da da fiksel biyu ne. Akwatin rubutu na iya fin rubutun da ke cikinsa faɗi, ɓangarensa marar rubutu ya miƙa kan hoton. Hoton PNG na iya samun gefe marar launi da ido ba ya gani. Wataƙila ka sa wata babbar siffa mai duhu a leyar domin dusashe bayan shafi, ita kuwa ta rufe komai. Ko kuma, a Timeline na leyar, ka rufe idon siffar da ke ƙasa, wato ka ɓoye abin da kibiya ke tsaye a kansa. Tazarar fiksel 40 da muka bari tun farko, saboda wannan ne.

Akwai kuma Hotspot a ƙarƙashin Insert, wanda ake gani kore-kore lokacin aiki amma ba ya bayyana ga ɗalibi. Yana da amfani idan sashen ba murabba'i ba ne, domin ana iya zana shi ya bi lanƙwasar abu, kamar wayar wuta da ta taso daga faranti zuwa kwantirola. Sai dai ba shi da yanayi, ba zai canza launi ba. Kuma idan ka ɗora shi a kan siffa mai Hover, shi zai tare kibiyar, siffar ba za ta ji komai ba. Ka zaɓi ɗaya. Ga wanda ke gaggawa kuma akwai Marker, ƙaramar alama mai nuna kanun bayani idan kibiya ta hau ta, cikakken bayani idan an danna, kuma zaɓin Show All On Hover yana fito da duka a lokaci guda.

Masu waya da masu allon madannai

Idan ɗalibanka a waya za su buɗe darasin, kamar yadda ake yawan yi a Kano, Zariya ko Maraɗi, to wannan sashe ya fi duk na baya muhimmanci. A allon taɓawa babu ɗora kibiya. Abin da aka gina a kai ko dai ya ƙi fitowa sai an danna an riƙe, ko ya fito ya maƙale, kuma yatsan da ke riƙe da wurin yakan rufe rubutun.

Gyaran ba shi da wuya. Ka ƙara wa kowace siffa umarni na biyu: Show Layer, leya ɗaya da ta farko, amma When ya zama lokacin da aka danna. Tunda mun kashe zaɓin ɓoyewa idan kibiya ta sauka, umarnin biyu ba za su yi karo ba. Idan kuwa ka bar shi a kunne, mai linzami zai danna, ya gusa, bayanin ya ɓace duk da haka. A irin wannan hali sai dai ka raba aikin: suna a yanayin Hover, cikakken bayani a leyar da dannawa ke buɗewa, da maɓallin rufewa a kusurwarta.

Umarnin dannawa shi ne kuma ke buɗe wa mai allon madannai hanya, domin zai iya isa siffar da Tab ya buɗe ta da Enter. Ka shiga Home, ka buɗe Focus Order, ka jera sassan yadda wuta ke tafiya: faranti, kwantirola, batir, inbata. A nan ne kuma za ka rubuta wa kowace siffa bayanin da manhajar karanta allo za ta furta wa makaho.

Ƙa'idojin WCAG 2.1, na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, da aka fitar a 2018, suna da sashe na 1.4.13 a kan wannan batu kai tsaye. Sharuɗɗa uku ya gindaya wa bayanin da ke ɓullowa: a iya kore shi ba tare da gusar da kibiya ba idan ya rufe wani abu, a iya kai kibiya kansa ba tare da ya ɓace ba, kuma ya zauna har sai mai karatu ya bar shi da kansa. Tsarin da muka bi, na akwati a gefe wanda ba ya rufe komai kuma ba ya gudu, ya kauce wa matsalolin uku. Ƙa'idojin sun kuma nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma kada launi kaɗai ya zama alama, shi ya sa muka haɗa launin lemo da layin gefe mai kauri. Wurin taɓawa kuma ya kai fiksel 44 a kowane gefe, kana tuna cewa shafi mai faɗin 1280 yana tsukewa sosai a allon waya, don haka a ninka.

Wasu sukan kulle maɓallin gaba har sai kibiya ta hau dukkan sassa. Ana iya yi da Variable huɗu na True/False, wato ma'ajiyar da ke tuna ko an hau sashe ko ba a hau ba, amma ba shi da wata fa'ida, domin ratsawar kibiya ba karatu ba ce. In za a kulle, a dogara da yanayin Visited, wanda dannawa ce kawai ke kunna shi.

A PowerPoint

PowerPoint ba shi da yanayi ko leya, kuma ɗora kibiya ba ta kunna motsinsa. Abin da yake da shi shi ne Action a ƙarƙashin Insert, mai shafin Mouse Over da ke iya tsallakawa zuwa wani shafi idan kibiya ta hau abu. Da wannan ake yin dabarar.

Ka gama babban shafin, ka kwafe shi sau huɗu, kowane kwafi ka rubuta bayanin sashe ɗaya a filin dama. A babban shafin ka zana siffofi huɗu masu Transparency kashi 99, kowace ka ba ta Mouse Over da Hyperlink to zuwa kwafinta. Sai ka kwafe siffofin ka manna a kowane kwafi, za su sauka a daidai wurinsu, ka cire Action daga siffar da kwafin yake nata. Domin komawa, a kowane kwafi ka shimfiɗa babban murabba'i mai kashi 99 da ya rufe shafin duka, ka ba shi Mouse Over zuwa babban shafin, ka tura shi ƙarƙashin siffofin huɗu amma saman hoton. Selection Pane, da ake buɗewa da Alt da F10, shi zai nuna maka jerin.

A Transitions ka zaɓi None a duka biyar, ka cire alamar On Mouse Click. Ka ɓoye kwafin huɗu da Hide Slide domin kada a faɗa cikinsu yayin tafiya gaba, mahaɗin zai ci gaba da kai wa gare su. Kada ka motsa hoton a ɗaya daga cikinsu ko da fiksel ɗaya, ido zai ga tsalle. Idan gajeren suna kawai kake so, ScreenTip da ke cikin akwatin saka mahaɗi ya wadatar, ba sai ka kwafi shafi ba. Duk wannan a lokacin nuna shafuka yake aiki, ba ya bin fayil ɗin idan an mayar da shi bidiyo.

Gwaji

Preview na cikin manhaja bai isa ba. Ka wallafa darasin a tsarin da dandalinku ke karɓa, SCORM 1.2 ko 2004, ka ɗora shi a Moodle, dandalin karatu ta intanet, ko duk inda ɗalibai za su buɗe shi, ka gwada a can. Ka shigar da kibiya kowane sashe ta gefe huɗu a hankali, domin a bakin gefe ƙyaftawa ke ɓuya. Ka ratsa sassan da gudu ka ga ko wani ya maƙale. Ka bar shafin ka dawo. Ka ture linzami gefe ka bi shafin da Tab da Enter kaɗai. Daga nan ka buɗe shi a wayar Android mai ƙaramin allo, a kan datar waya ba Wi-Fi na ofis ba, ka danna sassan huɗu da babban yatsa. Idan hoton da ke cikin leya ya yi jinkirin fitowa, ka rage nauyinsa zuwa ƙasa da kilobait 200 ka sake wallafawa.